Taku Ashirin

Ni na buga takardar da hannuna, shi ya sa har yau ba ni da wanda zan ɗora wa laifi in huta. A lokacin ina aikin buga tafireta a wani ƙaramin ofishi na hukumar gari, kuma a duk layinmu na unguwar Kilomita Biyar a Bangui ni kaɗai ce macen da ke karanta Faransanci ba tare da bin layi da yatsa ba. Ga Sango, yaren gari, a bakina kamar kowa, ga Hausar gida. Wannan ne ya jawo mini aka ce in zauna da dattawan unguwa in fassara musu dokar tsafta da aka aiko, su kuma su tsara yadda za a bayyana wa jama'a ita.

Sojoji sun riga sun yi tawayensu na farko sun koma bariki. Gari ya lafa, amma irin lafawar da mutum ke kwana da takalminsa kusa da kai. Kwatoci sun toshe, shara ta yi tsibi a bakin kasuwa saboda motar kwasa ta daina zuwa. Da hukuma ta ga ba ta da motar aikowa, sai ta aiko da takarda.

Asabar uku muka yi a zauren mai unguwa, ni a bakin ƙofa kan kujera 'yar tsuguno, da biro da littafi. Dokar ta ce kowane mai gida ya kawar da abin da ke cutar da lafiyar jama'a. Mai unguwa ya ce wannan ai ba magana ba ce, maƙwabcinsa mai rediyo ma yana cutar da lafiyarsa. Ya ce a faɗi abubuwan ɗaya bayan ɗaya, yadda ko tsohuwa za ta gane.

Nan fa aka kaure. Wani mahauci ya rantse kashin awaki taki ne, ba shara ba. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan cewa in yana cikin gidanka taki ne, in ya fito ƙofar gida ya zama shara. Aka ce ciyawar da ta kai gwiwa laifi ce, sai ladan, wanda gajere ne ƙwarai, ya tambaya gwiwar wa. Ruwa kwance kuwa shi ne duk ruwan da ya kwana uku a buɗe ba a taɓa shi ba, ko a kwata, ko a gwangwani, ko a tsohuwar taya. Da aka zo kan kango sai dariya ta ɗauke, don kowa a zauren yana riƙe da makullin gidan wani da ya gudu. Aka rubuta cewa gidan da mai shi ya bar wa wani amana ba kango ba ne, amma mai amanar shi zai share.

A Asabar ta uku muka kai kan rijiya. Takardar ta ce tsakanin rijiyar sha da salga kada ya gaza mita goma sha biyar, in ya gaza a rufe rijiyar. Dattawa suka ce wa ke da mita a unguwar nan in ba kafinta da masu yadi ba? A mayar da shi taku. Aka auna a ƙofar zauren, ya kama taku ashirin. Sai mahaucin nan ya ce in duba-gari ne zai taka, to za su riƙa turo mana mai dogayen ƙafafu ya yi taku goma ya ce a rufe. Saboda haka aka yanke cewa mai gida da kansa zai taka, a gaban shaidu. Ba wanda ya kawo a ransa cewa magidanci mai gemu zai tsaya gaban jama'a ya yi ƙarya da ƙafarsa.

Ni ce, da shegen bakina, na ce a ƙara cewa takun babban mutum ne, irin tafiyar da yake yi in zai je kasuwa. Babana yana wurin. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Kun ga Uwata ta fi alƙali tsanani." Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ji daɗin yabon, na koma ofis na buga, na ƙara wa layin ja a ƙasa.

Babana mai sayar da yadi ne a Kasuwar Kilomita Biyar. Yana da sandar awo ta katako, mita ɗaya cif, bakinta biyu an ɗaure da tagulla, ta yi sulɓi don riƙo. A kasuwa in mace tana shakkar awon wani, rumfarsa take kawo yadin a sake aunawa. Ba shi da dukiyar a zo a gani, wannan sunan shi ne jarinsa. Abu na biyu da yake ji da shi kuwa rijiyar tsakar gidanmu. Shekarar da mahaifiyarsa ta rasu ya sa aka haƙa ta, sadaka mai gudana, don lada ya riƙa isa kabarinta. Tun ina ƙarama ƙofarmu ba ta rufuwa da rana. Musulmi da Kirista, 'yan layi da 'yan unguwar Yakité, kowa da gugarsa. In ya ji ƙarar guga ta faɗa ruwa sai ya ce, "Allah Ya kai mata."

Ba a daɗe ba sojoji suka sake tashi, wannan karon ya fi na farko muni. Muna jin rugugin manyan bindigogi daga wajen kogi, ƙananan kuma kamar ana soya gyaɗa a bayan katanga. Aka rufe ofis. Mijina direba ne, hanya ta rufe da shi can wajen iyakar Kamaru, sai na ɗauko 'yata mai shekara uku na dawo gidan Baba. Kwana biyu bayan haka famfo ya yi tari ya ɗauke, bai sake kawowa ba.

Sai baƙi. Farko ƙanwar Inna da 'ya'yanta, sannan wani abokin cinikin Baba da iyalinsa, sannan mutanen da ba mu ma san su ba, waɗanda suka tsallako daga unguwannin da wuta ta fi ci, da ƙunshin kaya a ka. Baba bai mayar da kowa ba. Aka cika ɗakuna, aka cika zaure, aka kafa tamfol gindin mangwaro. Tsohuwar salgarmu tana can ƙarshen gida, nesa da rijiya, amma an yi ta ne don mutum goma. Cikin 'yan makonni ta cika har ta soma tumbatsa.

Baba ya sa maza suka haƙa sabuwa bayan madafi, don nan kaɗai fili ya rage. Ranar da aka kewaye ta da kwano, na faki ido na taka daga bakinta zuwa bakin rijiya, kamar mai zuwa ɗauko wani abu. Goma sha huɗu. Na koma na sake. Goma sha huɗu dai. Na sami Inna tana tankaɗe na gaya mata a hankali. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke dai ki iya bakinki," ta ce. "Mutanen nan a ina kike so su tsuguna, a kan titi sojoji na harbi?"

A lokacin layin masu ɗiban ruwa yana farawa daga bakin rijiyarmu, ya bi ta zaure, ya fita har kwanar masallaci. Rijiyoyin da ke kusa wasu sun ƙafe don ja, wasu masu su sun sa kwaɗo sun gudu. Tamu ce ta tsaya wa mutanen layi uku na unguwar.

Wata safiya da harbi ya ɗan tsagaita, sai ga duba-gari. Na san shi a ofis, wani siririn mutum mai haƙuri, Kirista, da Sango yake magana da kowa, ana kiransa Shef. Ya zo da ƙafa, takardar da na buga a aljihun gaba, gwangwanin jan fenti a hannu ɗaya, jarka babu kome a ɗayan. An soma gudawa a wata unguwa, shi ya sa ya fito zagaye ba don an tilasta shi ba. Ya cire hula ya gai da Baba da Sango.

"Bara ala, Baba Alaji. An ce kun yi sabuwar salga."

"Mun yi, Shef. Baƙi sun yi yawa."

"To, ka san ƙa'ida. Kai za ka taka, ni ƙirga kawai zan yi."

Matar da ke jan guga ta tsaya da igiya a hannu. Kowa ya ga jan fentin, kowa ya san in aka shafa shi a bakin rijiya magana ta ƙare. Baba ya shiga ɗaki, na zaci hula zai ɗauko. Sai ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a, wadda ke share ƙasa. Ranar Talata ce, da hantsi, ana zufa.

Ya tsaya a bakin salga ya yi bisimilla ya soma tafiya. Rigar ta rufe ƙafafunsa ruf. Kafaɗunsa na tafiya irin ta manya, a natse, amma ni da na san takun ubana tun ina bin sa kasuwa, na ga yadda ƙasan rigar ke motsi kaɗan-kaɗan, kamar na amaryar da ake rakawa. Duba-gari na ƙirgawa da ƙarfi, jama'a na bin sa a ciki. Aka wuce goma sha huɗu bai kai ba. Ya dafa bakin rijiya a kan ashirin da ɗaya.

Wata tsohuwa ta yi hamdala. Duba-gari ya juyo ya dube ni. Ya san ni na buga layin, ya san ni na ja masa jan layi a ƙasa. Kalma ɗaya yake jira. Na dubi Baba, na dubi layin mata da jarkoki, na sunkuyar da kai ina gyara ɗaurin zanen 'yata da ba abin da ya same shi. Ya ninke takardar ya mayar aljihu. Sannan ya miƙa jarkarsa, cikin jin kunya, aka cika masa. Shi ma gidansa ba ruwa.

Bayan la'asar na sami Baba shi kaɗai a bayan zaure yana lazimi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba.

"Baba, goma sha huɗu ne. Na taka sau biyu."

"Ƙafarki daban, tawa daban."

"Tawa ce ma ƙarama. In ni na sami sha huɗu, kai sha biyu za ka samu."

Ya ja carbi ya ja, sannan ya ce, "Uwata, takarda ba ta jin ƙishirwa. Kin ga matan can? In na rufe, rafi za su tafi, ta gaban shingen sojoji. Wadda aka harbe a hanya, a wane layi na takardarki za ki rubuta ta?"

"In ruwan ya gurɓace fa?"

"Ruwan sadaka ne. Allah ba Zai bar shi ya cuci kowa ba."

Na tashi na bar wurin. Haushinsa nake ji, ina jin haushin kaina fiye da nasa, don shi aƙalla ya yi ƙaryarsa a tsaye, ni kuwa na yi tawa a sunkuye. Abin da na iya kawai shi ne na riƙa ɗiga ruwan jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a randunan gida. Kwalba ɗaya ce, ta ƙare cikin mako. Gawayi ya yi wuya, wanda ake samu na dafa abinci ne, ba na tafasa ruwan mutum talatin ba.

Sai aka yi ruwan sama kwana biyu a jere, irin na Bangui da ba ya sallama. Tsakar gida ta zama jar laka. Da aka ɗauke, na leƙa rijiya na ga ruwan ya hau sosai, mata suna murna guga ba ta nisa. Na ɗebo a moɗa na kai hanci. Wani ɗan wari-wari ne, ba mai yawa ba, wanda in kana so kana iya cewa ƙasa ce. Inna ta shinshina ta ce ƙasa ce. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Yaran ƙanwar Inna biyu suka fara, amai da gudawa. Washegari wani tsoho cikin baƙi. Rana ta uku 'yata. Kafin azahar idanunta sun faɗa, kukan ma ba hawaye. Hanyar asibiti a rufe take, an kafa shinge biyu tsakaninmu da ita, wanda ya je da safe ya dawo ya ce ko kare ba ya wucewa. Na ɗauki gatari na faskara bencin zaure, wanda Baba ke zama a kai da baƙinsa, na hura wuta na tafasa ruwa, na haɗa gishiri da sukari ina ɗura mata da cokali. Ta amayar, in sake. Ina yi ina jin tsoron da ban taɓa ji ba, ko ranar da harsashi ya huda kwanon ɗakinmu. Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi jikarsa, ya dubi guntayen bencinsa a murhu. Na jira ya yi faɗa in samu inda zan sauke abin da ke cikina. Sai ya juya ya koma ɗakinsa.

Da safe, bayan rana ta fito, layi ya riga ya kai masallaci. Ina zaune a ƙofar ɗaki da yarinyar a cinya sai na ga Baba ya fito da 'yar shara iya gwiwa, ƙafafunsa a waje, sandar awonsa a hannu. Ya je bakin salga ya durƙusa cikin laka. Ya kwantar da sandar, ya sa babban yatsa a bakin tagullar, ya ɗaga ya sake kwantarwa, daidai yadda yake auna yadi, yana ƙirgawa da ƙarfi yadda na ƙarshen zaure zai ji. Ɗaya. Biyu. Gwiwoyinsa suna nutsewa, ba wanda ya yi ƙarfin halin kama shi. A kan goma da rabi sandar ta taɓa bakin rijiya.

Ya miƙe da ƙyar. Ya ce da Sango, sannan ya maimaita da Hausa, "Doka ta ce goma sha biyar. Nan goma da rabi ne. Ranar da Shef ya zo na rage taku. Ku shaida ni na rage, ba shi ya yi kuskuren ƙirga ba."

Ya sa aka ciro ƙyauren ɗakin ajiya aka ɗora a bakin rijiyar. Shi da kansa ya buga ƙusoshin a jikin katakon da ya zagaye bakin. Jan fenti babu, sai ya dangwali jar laka da tafin hannu ya shafa a kai.

Na zaci za a yi ihu. Da an yi ma da ya fi sauƙi. Mata suka tsaya suna kallonsa da jarkokinsu. Wani ya ce a bari ko na wanki su ɗiba, Baba ya ce wanda ya ɗiba na wanki yaronsa zai sha. Sai wata maƙwabciyarmu, wadda tun kafin a haife ni take shan ruwan rijiyar nan, ta ɗora jarkarta a ka, ta ce a hankali, "Alhaji, yau kai ne ka hana ruwa." Ta juya ta fita, sauran suka bi ta.

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai san nauyin wannan magana ba. A ce ka hana abinci, a ce ka hana aro, duk da sauƙi. Na ga fuskar Baba lokacin, kamar an mare shi a gaban 'ya'yansa.

Tun daga ranar ya ari kura, irin ta masu dako, ya jera jarkoki, shi da mazan gidan suna tura ta zuwa wata rijiya mai nisa bayan Yakité, sawu biyu kullum, suna raɓewa jikin katanga in an soma harbi. Abin da suka kawo a tafasa da duk katakon da aka samu, a raba. Bai isa layi uku ba, ko rabin layi ɗaya bai isa ba. Mata da yawa rafi suka koma, kamar yadda ya faɗa. Wata daga cikinsu ta dawo da harsashi a cinya, ta rayu amma da ɗingishi. Ita ma ban san layin da zan rubuta ta ba.

Tsohon nan baƙo ya rasu. Yaran ƙanwar Inna sun tashi. 'Yata ta kwana huɗu tsakanin nan da can, ran na biyar ta ce tana son kunu. Yanzu ita ma uwa ce, ba ta tuna kome.

Da gari ya lafa baƙi suka watse, aka cike salgar da ƙasa da toka. Duba-gari ya dawo ya ce a bar rijiyar ta huta damina biyu, a yashe ta, sannan a gani. Baba bai kai damina ta biyu ba. Tun turin kurar nan ƙirjinsa bai sake daidai ba. A kasuwa mata sun ci gaba da kawo masa yadi ya sake aunawa, amma a layinmu sunan da ya bi shi daban ne. Ba wanda ke tuna shekarun da ƙofarmu ta yi a buɗe. In ana kwatancen gidanmu sai a ce gidan Alhajin da ya rufe rijiya lokacin tawaye.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, ina ba shi ruwa a kofi da rana, ruwan famfo, ya riƙe kofin bai sha ba. Na ce masa, don in sauƙaƙa masa, ai da na yi magana ranar da Shef ya dube ni da duk wannan bai faru ba, laifin namu ne mu biyu.

Ya girgiza kai. "Ke kin taka kin ƙirga, Uwata. Ni ban buƙaci takawa ba. Shekara arba'in ina awo. Tun ranar da na nuna musu inda za su haƙa, da ido na san goma da rabi ne."

Ya sha ruwan, ya miƙo mini kofin. Can waje wata yarinya ta leƙo zaure da guga, baƙuwa ce a layin, ta tambaya ko nan ne gidan da ke da rijiya. Inna ta ce mata a rufe take. Baba ya ji. Ya juyar da fuskarsa bango, na ga leɓɓansa suna motsi, sai da na matso na ji abin da yake cewa. Mahaifiyarsa yake ba haƙuri.